Turanci Daga Bakin Kyamara: Mene Ne "Zoom In"?

Duk wanda ya taɓa ware yatsu biyu a kan fuskar waya don hoto ya ƙara girma, ya yi abin da Turawa ke kira "zoom in", ko da bai san sunansa ba. Kalma ce ta masu ɗaukar hoto da fim, kuma irinta na yawan kayar da ɗalibai a jarrabawar WAEC da NECO, domin ƙaramar kalmar da ke biye da aikatau ita ke juya ma'ana.

Mu ɗauki misalin madatsar ruwa ta Bakolori da ke yankin Maradun, wadda aka kammala a 1978 a kan kogin Sakkwato. Idan mai kyamara ya tsaya a gaɓa ya jawo masunci guda har ya cika hoton, ya yi "zoom in". Idan ya sassauta har faɗin ruwan da ganuwar madatsar suka bayyana, ya yi "zoom out". Ko taku ɗaya bai yi ba, gilashin kyamarar ne ya yi aikin.

Ga inda ake tuntuɓe: in za mu ambaci abin da aka jawo, dole mu sa "on". Sai mu ce, "The camera zoomed in on the fisherman." Wanda ya yar da "on" ya yar da maki. Kada kuma mu haɗa ta da "zoom off", wato ficewa a guje, kamar yadda ɗan kabu-kabu ke yi a tashar Talata Mafara.

Kalmar ba ta tsaya kan kyamara ba. A muhawarar makaranta kan noman rani, ɗalibar da ta ƙwaƙule matsalar manomin shinkafa guda a Bakura ta yi "zoom in on" matsalar. Wanda ya dubi magudanan ruwa, farashin taki da kasuwa gaba ɗaya, "zoom out" ya yi. Amsa mai kyau tana buƙatar duka biyun.

Haka ma hotunan da ake turo mana a WhatsApp da Facebook. Mutum ashirin kan zama tamkar cincirindo in an matso da kyamara. Kafin mu tura wa wani, mu tambayi kanmu abin da aka bari a wajen hoton.