Rikicin Aure a Maraɗi: Daga Zauren Mai Unguwa Zuwa Gidan Shari'a

Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Idan saɓani ya shiga tsakanin miji da mata a birnin Maraɗi, ko a Tibiri, ko a Jiratawa, ƙofofin da za su iya ƙwanƙwasawa suna da yawa. Akwai iyaye da waliyyai, akwai limami da mai unguwa, akwai fadar sarki da alƙalinta, akwai gidan shari'a na gwamnati, akwai kuma ma'aikatan kula da mata da yara. Yawan ƙofofin nan alheri ne, amma bisa sharaɗi guda: kowane mai ƙofa ya san iyakar ikonsa, in magana ta fi ƙarfinsa ya miƙa ta gaba, kuma ya miƙa ta a rubuce. Inda aka rasa wannan, mace da ƴaƴanta su ne ke kwana a ciki.

Abin da doka ta tanada

Har yanzu ƙasar Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. An shirya wani a shekarun 1993 da 1994, aka sake ɗauko maganar a 2011, amma duk sau biyun ƙungiyoyin addini suka nuna rashin amincewa, aka jingine shi. Saboda haka abin da ake bi shi ne ƙa'idar da doka mai lamba 62-11 ta ranar 16 ga Maris 1962 ta kafa, wadda dokar 22 ga Yuli 2004 da ta 1 ga Yuni 2018 suka sake tabbatarwa: a kan aure, da saki, da riƙon yara, da gado, mai shari'a yana aiki ne da al'adar masu ƙara, muddin ba ta saɓa wa doka ko yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su ba. Ga yawancin mutanen Maraɗi, wannan al'ada ta cuɗanya da fiƙihun mazhabar Malikiyya.

Shi ya sa mai shari'a na gwamnati ba ya zama shi kaɗai a irin wannan ƙara. Doka ta ɗora masa mataimaka biyu masana al'adar masu ƙarar, waɗanda galibinsu malamai ne. Su nasu shawara, shi nasa yanke hukunci. Ke nan tun daga cikin ɗakin shari'a doka ta shimfiɗa aikin haɗin gwiwa tsakanin wanda ya karanta dokar boko da wanda ya karanta Risala.

Matakan sulhu

Matakin farko shi ne gida. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta yi umurni da a naɗa mai sulhu ɗaya daga dangin miji, ɗaya daga dangin mata. Bikon matar da ta yi yaji ma wani reshe ne na wannan mataki. In dangi sun kasa, sai a je ga liman ko mai unguwa, daga nan kuma fada. Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, wadda aka kafa a 1974, ita ma ta daɗe tana sauraron irin waɗannan koke-koke.

Fada tana da tushe mai zurfi a wannan aiki. Sarautar Maraɗi ta zuriyar sarakunan Katsina ce da suka komo nan bayan jihadin farkon ƙarni na 19, ta Tibiri kuwa ta Gobirawa ce. A Maraɗi akwai Iya, a Tibiri akwai Inna, sarautun mata ne da tun dā suke da hannu cikin al'amuran mata. A zamanin yau alƙalin birni yana nan yana sauraron ma'aurata, har a watan Janairu na 2019 jaridar New York Times ta Amurka ta yi dogon rahoto a kan yadda matan Maraɗi ke zuwa gabansa neman a raba aurensu.

To, amma ya kamata mai karatu ya riƙe wannan da kyau. Dokar sarautar gargajiya ta 13 ga Janairu 2015, kamar wadda ta gabace ta a 1993, ikon sasantawa ta ba sarakuna. Yanke hukuncin da zai tilasta wa wani, na gidan shari'a ne. Dokar ta kuma wajabta wa sarki ya rubuta takardar sulhu in an daidaita, ko takardar rashin sulhu in an kasa, a shigar da ita cikin littafin rajista. Wannan takarda ita ce gada tsakanin zauren sarki da teburin mai shari'a.

Inda igiya ke tsinkewa

Mu ɗauki misali. A ce wata mata a unguwar Sabon Gari, mijinta ya tafi cin rani Kano ko Legas, ya shekara biyu babu aike babu saƙo. Ta je ga mai unguwa, ya ce ta yi haƙuri. Ta je ga malam, ya ce a jira mijin. Dangin mijin suna Jiratawa, sun ce babu ruwansu. Babu wanda ya cuce ta da gangan, amma babu wanda ya ce mata: wannan magana ta wuce ikona, ga takarda, tafi gidan shari'a. Sai ta zauna, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba.

Ko kuma a ce miji ya furta saki da baki cikin fushi, babu shaidu babu takarda. Bayan wata biyar, matar ta gama idda, wani ya fito neman aurenta, sai tsohon mijin ya ce shi bai sake ta ba. Da an kai maganar gaban mai shari'a ya tabbatar da sakin, aka shigar da shi a ofishin rajista na gidan magajin gari, kamar yadda dokar rajistar jama'a ta 1 ga Yuli 2019 ta tanada, da ranar fara idda ta zama sananniya, gardama ba ta taso ba.

Akwai kuma wahalar nisa. Tibiri tana kusa da Maraɗi, amma a mulkance tana ƙarƙashin Gidan Rumji, Jiratawa kuwa ƙarƙashin Madarunfa. Matar da ba a gaya mata gidan shari'ar da ya dace da ƙararta ba, sai ta ƙarar da ɗan kuɗin motarta a hanya, a ƙarshe ta gaji ta bar haƙƙinta. A tuna kuma cewa binciken lafiyar jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an yi musu aure kafin su kai 18, a jihar Maraɗi kuwa kashi 89. Da yawa daga masu kawo kuka yara ne ƙanana, waɗanda ba su san ƙofa ta gaba ba sai an nuna musu.

Wa ya kamata a tura wa wa?

In akwai duka ko rauni, a fara da likita, ya duba ta ya ba da takardar shaida, sannan ƴan sanda ko jandarmomi. Duka laifi ne a dokar ƙasa, bai kamata a rufe shi da tabarmar sulhu ba.

In gardamar a kan yara ce, al'ada ta saba barin yaro ga uwa har wajen shekara 7, amma mai shari'a yana duban abin da ya fi amfani ga yaron. A nan rahoton ma'aikacin kula da yara, wanda ya shiga gidajen biyu ya gani da idonsa, yana da nauyi. In rayuwar yaro tana cikin haɗari, akwai mai shari'ar yara, wanda aka ƙirƙiro muƙaminsa a 1999.

In mai ƙara ba ta da halin ɗaukar lauya, akwai hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, da aka kafa bisa dokar 14 ga Disamba 2011. Ƙungiyar mata masana doka ta Nijar ita ma ta yi suna wajen wayar da kan mata.

In kuwa maganar ta adadin saki ce, ko kome, ko hul'i da mayar da sadaki, to ma'aikacin boko ya nemi malami. Hanya ba ta zama mai zuwa ɗaya ba: kamar yadda fada ke tura wa gidan shari'a, haka mai shari'a kan mayar da ma'aurata ga dattawansu in ya ga auren zai ɗinku.

Darasi daga waje

Sauran ƙasashe ma sun fuskanci wannan matsala. Maroko, ƙasar Malikiyya irin tamu, ta sa a kundin iyalinta na 2004 cewa kowane saki sai ya bi ta gaban kotu, bayan an gwada sulhu. Faransa ta mayar da sasanta iyali sana'a mai takardar shaidar gwamnati tun 2003. A Kano, maƙwabciyarmu, hukumar Hisba tana sasanta ma'aurata, abin da ya gagara ta tura kotu. Hanyoyin sun bambanta, manufar guda ce: kada ƙara ta faɗi a tsakanin ofis biyu.

Abin da ya rage gare mu ba ya bukatar kuɗi mai yawa. Kowane mai unguwa ya samu littafin rajista da mai rubuta masa, kuma ga waɗanda suka gama yaƙi da jahilci nan a kowace unguwa, wannan aiki ne da ya dace da su. Takardar turawa ta ɗauki sunayen ma'aurata, da ranar zama, da abin da aka daidaita, da abin da ya gagara, a ba matar tata, a ba mijin tasa. Sirrin gidan mutane kuma ya tsaya tsakanin masu aikin. Sannan masu shari'a da sarakuna da malamai da ma'aikatan kula da yara su riƙa zama tare lokaci lokaci, don kowa ya san fuskar wanda yake tura wa mutane.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai sulhun da ya ce wannan ta fi ƙarfina bai rage darajarsa ba, amanar da aka ɗora masa ya sauke. Allah ya zaunar da gidajenmu lafiya, amin.