Hanyar masu tafiya a ƙasa

Yara, ranar kasuwar Kornaka, ku tsaya a bakin babbar hanyar da ta fito daga Maraɗi ta nufi Dakoro. Me kuke gani? Ga manyan motoci, ga ƴan kabu-kabu, ga amalanke, ga jakai da raƙuma. Ƴar talla tana son ta ƙetare, amma ba dama. Tsoho ya dogara sandarsa yana jira. To, hanyar nan ta wa ce? Ta masu mota ce su kaɗai?

Manyan birane ma sun yi wa kansu wannan tambaya. Sa'ad da aka gina tsoffin birane irin su Damagaram da Kano, babu mota a duniya. An yi lungunansu daidai mutum da jakinsa. Haka tsoffin biranen Turai suke. Da motoci suka yi yawa, sai hanyoyi suka cushe. Ga hayaƙi, ga ƙara, ga haɗari.

A arewacin Turai akwai wata ƙasa da ake kira Danmak. Babban birninta shi ne Kofanhagan, wanda ya fi shekara 800 da kafuwa. A tsakiyarsa akwai wata tsohuwar hanya mai suna Sitiroyet. Tsawonta ya ɗan wuce kilomita 1. Kantuna ne jere dama da hagu. Motoci suka cika ta, mutane suka koma raɓe-raɓe a gefe.

A watan Nuwamba na shekarar 1962, hukumar birnin ta hana mota bin wannan hanya. Ta ce gwaji za a yi. Masu kantuna da yawa suka yi fushi. Suka ce in mota ba ta shigo ba, ciniki zai mutu. Wasu kuma suka ce ƙasarsu ƙasar sanyi ce, ba wanda zai so yawo a waje.

Amma gani ya kori ji. Mutane suka riƙa zuwa fiye da dā. Uwa ta saki hannun ɗanta ba tsoro. Tsofaffi suka sami wurin zama su huta. Ciniki bai mutu ba, domin mai mota wucewa yake yi, mai tafiya a ƙasa kuwa shi ke tsayawa ya duba kaya ya taya. A shekarar 1964 aka tabbatar da dokar. Motocin da ke kawo wa kantuna kaya suna shiga da safe, su sauke, su fita. Daga baya aka ƙara waɗansu hanyoyi, birane da yawa kuma suka yi koyi.

Mu a Kornaka ba za mu rufe hanyar Dakoro ba, domin ta nan hatsi da dabbobi suke bi. Amma mu tuna, cikin kasuwa da ƙofar makaranta wuraren masu ƙafa ne. Kai kuma ɗalibi, kafin ka ƙetare, tsaya, dubi hagu, dubi dama. Ka riƙe hannun ƙanenka.

Tambayoyi

1. Don me lungunan tsoffin birane ba su da faɗi?
2. Me masu kantuna suka ji tsoro a 1962?
3. Don me ciniki bai mutu ba?
4. A garinku, ina kuke son a hana mota shiga? Ku faɗi dalili.