Yadda ake yanke wa mai da wutar lantarki farashin gobe

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ɗalibai sun tambaye mu yadda 'yan kasuwar Turai da Amurka suke yanke farashin man da ba a haƙo ba, ko wutar da ba a samar ba tukuna. A irin wannan ciniki, mutum biyu suna ƙulla farashi yau, sai bayan wata uku ko shida a miƙa kaya. Takardar yarjejeniyar ma ana sayar da ita daga hannu zuwa hannu.

Lissafin ya yi kama da na mai ajiye gero. Wanda ya sayi buhu da kaka don ya sayar da bazara, dole ya ɗora kuɗin rumbu da ɗawainiya. Haka ɗanyen mai: farashin yau, a haɗa da kuɗin tankin ajiya, da inshora, da kuɗin ruwan banki. Idan wurin ajiya ya ƙare, lissafi ya rushe. Ranar 20 ga Afrilu 2020, lokacin korona, tankunan garin Cushing a jihar Oklahoma sun kusa cika. Farashin ganga a yarjejeniyar watan Mayu ya faɗi ƙasa da sifiri, har mai sayarwa ne zai biya dala 37 da ɗoriya a karɓe masa kaya.

Wutar lantarki ta fi wuya, domin ɗan kaɗan ne kawai ake iya ajiyewa. Yadda aka samar da ita haka ake shanye ta. Don haka ana gina farashinta na gobe a kan hasashen zafi da sanyi, da yawan buƙata, da kuɗin iskar gas. A Fabrairu 2021 sanyi mai tsanani ya afka wa jihar Texas, megawat ɗaya na awa guda ya kai dala 9,000. Wasu magidanta da ke biyan farashin kasuwa kai tsaye sun samu takardar kuɗin wuta ta dubban daloli.

Ke nan buƙatar kariya daga hauhawar farashi gaskiya ce, kuma shari'a ta buɗe mata ƙofar cinikin salam: a biya kuɗi gaba ɗaya a wurin ƙulla ciniki, kaya ya zama sananne a siffa da awo da lokacin miƙawa. Malikiyya sun yi rangwamen jinkirta biyan har kwana uku. A waɗancan kasuwanni kuwa kuɗi da kaya duka ana jinkirta su, bashi a kan bashi, kuma galibi ba a karɓar komai, bambancin farashi kawai ake biya. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar OIC ta hana wannan sura a zamanta na Jidda a 1992.

Ya 'yan uwa, yau ana tallata wa matasanmu irin wannan ciniki a cikin waya. Kafin ka saka kuɗinka, ka tambaya: ina kayan, wa ya biya, yaushe za a miƙa?

Allah ne mafi sani.