Daga Tsamiya Zuwa Mkar: Su Wane Ne 'Yan Cocin Rifom?

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi)

 Mutanen Bagudo da Zagga da Ka'oje, na Illo da Lolo da Tsamiya, har da 'yan'uwanmu da ke kama mu daga tsallaken iyaka, Segbana da Malanbil, duk muna gaishe ku.

Duk wanda ya saba bin hanyar iyakar nan ya san irin taron da mota ɗaya kan kwasa. Ga Badande da buhunan albasa, ga Bafulatani ya saƙale sandarsa tsakanin gwiwoyi, ga Bakyange zai sauka Illo, sannan a kujerar gaba ga wani ma'aikaci da aka turo aiki bakin iyaka daga Binuwai ko Taraba, yana fama da Hausarsa mai ɗan gargada. Mun san Kirista ne, shi ke nan, a nan sanin yawancinmu ya tsaya. A wurinmu coci duk coci ne. To amma in Batibi ne ka tambaye shi cocinsu, akwai yiwuwar ya ce maka NKST. Ɗan Jukun na Wukari kuwa ya ce CRCN. In ka ƙara matsawa, sai su ce su 'yan Rifom ne. Wannan kalma ita ce shirinmu na musamman zai warware yau.

Mu fara da gida. Cocin da idon mutumin Kabi ya fi sabawa da su, ban da Katolika da Angalikan da Baftis, su ne ECWA da UMCA. ECWA 'yar mishan ɗin SIM ce, ta tsaya da ƙafarta a 1954. UMCA kuwa ta fi ƙarfi wajen Zuru da Yawuri. In ka haura Binin, 'yan SIM ɗin ne dai suka shiga arewacin Dahome a 1946, kuma daga aikinsu aka sami haɗaɗɗiyar ikilisiyar da ake kira UEEB. A Segbana wani ɗan Ostireliya, Ross Jones, ya yi shekaru yana aikin fassara Littafi Mai Tsarki zuwa yaren Boko. Kada wani ya tsorata, Boko a nan sunan al'umma ne, dangin Busawa, waɗanda yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasarsu ta Bargu gida biyu. ECWA da UMCA da UEEB duk masu bishara ne: suna riƙe da cewa Littafi Mai Tsarki shi ne hukunci na ƙarshe, kuma ceto ta wurin Yesu Almasihu kaɗai yake. 'Yan Rifom ma sun yarda da haka. Sai dai su suna da ƙari, kuma ƙarin nan a rubuce yake.

(Kiɗa kaɗan)

Rifom ma'anarta gyara. A 1517 Martin Luta ya ta da ƙayar baya a Jamus kan abubuwan da ya ga sun lalace a cocin Roma. Bayansa wani Bafaranshe, Jon Kalbin, ya zauna a birnin Janeba, ya tsara koyarwar ta zama gini mai tushe da ginshiƙai. Ya rasu a 1564. Reshen da ya bi tafarkinsa shi ake kira Rifom, kuma na ƙasar Holan, wanda ya iso Nijeriya, yana tsaye ne kan takardu uku. Akwai Shaidar Bangaskiya ta Beljik ta 1561, wadda marubucinta, Gido de Bre, aka rataye shi shekara shida bayan haka. Akwai Katikisma ta Haidalbag ta 1563. Sai Hukunce-hukuncen Dot, waɗanda aka fitar a babban taron 1618 zuwa 1619. Fasto ko dattijo a irin wannan coci sai ya amince da ukun nan kafin ya hau kujerarsa.

Ni dai katikismar ce ta fi ɗaukar hankalina, don duk wanda ya yi zaman zaure gaban malam da Ƙawa'idi ko Ahalari a hannu zai gane hikimar. Tambaya ce da amsa, guda 129, an kasa su kashi 52, kowace Lahadi da nata, shekara na zagayowa an sauke, a koma farko. Yaro ya hardace, ya biya wa dattijo, a gyara masa. Kuma ba da tsoratarwa ta buɗe ba. Tambayar farko a kan ta'aziyya take, wato abin da mutum zai jingina da shi yana raye da kuma ranar da ajali ya zo. Daga nan ta bi hanya uku: girman zunubin ɗan Adam, yadda ake kuɓuta, da yadda wanda ya kuɓuta zai nuna godiya. A nan ne asirin ra'ayinsu kan aikin kirki yake. Sadaka da gaskiya da tsare dokoki goma, a wurinsu, godiya ce ta wanda aka riga aka yi wa alheri. Ba kuɗin sayen ceto ba ne. Musulmi mai sauraro zai ga inda hanya ta rabu, kamar yadda ta rabu kan imaninsu da Allah ɗaya cikin uku, Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da kuma mutuwar Yesu a kan gicciye. Ba mu zo sasanta wannan ba, mun zo ne mu faɗi abin da suka riƙe yadda suka riƙe shi.

Sai batun da ya fi zafi, wanda kuma malamanmu na tauhidi za su gyaɗa kai in sun ji, don sun san irinsa: ƙaddara. Wani malami a Holan, Arminiyus, da almajiransa suka ce Allah yana zaɓen wanda ya san zai ba da gaskiya, kuma mutum na iya ture alherin. Taron Dot ya ce a'a. Zuciyar mutum, in ji su, ta lalace har ba ta iya juyowa da kanta; Allah ne ke zaɓa tun fil azal ba don cancantar kowa ba, shi ke buɗe zuciya, kuma wanda ya riƙe ba ya suɓucewa. Wanda ya karanta jayayyar Ƙadariyya da Jabariyya da matsayin Ash'arawa zai ji kamar ya taɓa zama a wannan majalisa. Ba a rabu da daɗi ba kuwa: fastoci wajen 200 aka tuɓe. Har gobe wannan ita ce iyakar da ke tsakanin ɗan Rifom da maƙwabcinsa na UMCA, ko da suna rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi.

(Kiɗa kaɗan)

Amma bambancin da ido ke gani a ruwa yake. A ECWA sai mutum ya girma ya furta bangaskiyarsa da bakinsa, sannan a nutsar da shi. A cocin Rifom kuwa za ka ga uwa ta fito gaba da jariri a naɗe cikin farin zane, uba na gefenta, fasto ya tsoma hannu cikin ɗan kwano ya zuba ruwa a goshin yaron. Sau da yawa yaron ya tsandara kuka, mata su yi murmushi. Hujjarsu ita ce alkawarin da Allah ya yi da Annabi Ibrahim ya haɗa da zuriyarsa, don haka 'ya'yan masu bi 'yan gida ne tun a tsumma. In yaron ya girma ya sauke katikisma, sai ya tsaya gaban jama'a ya shaida da kansa, a ba shi izinin cin Jibin Ubangiji.

Ba su da bishop. Dattawan da ikilisiya ta zaɓa su ke mulki tare da fasto, sama da su akwai majalisar gunduma, can ƙoli kuma babban taro. Dattawan nan su ke sa mutum a horo, su hana shi Jibi har sai ya tuba. A ganina wannan ne abin da ya fi kare su daga cutar zamani, inda mutum ɗaya kan buɗe coci ya zama shi ne wuƙa shi ne nama, baiko kuma aljihunsa.

Yaya aka yi suka iso nan? Ta kogin Binuwai. A 1911 'yan mishan na cocin Rifom na Afirka ta Kudu suka sauka ƙasar Tibi, daga baya Mkar kusa da Gboko ta zama cibiya, NKST ta sami 'yancin kanta a 1957. A ɓangaren Takum kuwa wata Ba'amurkiya ce, Johanna Binstira, ta zo a 1920, ta zauna a Lupwe, ta rasu a Vom a 1933. Daga wannan aiki CRCN ta fito, wadda a da sunanta ma na Hausa ne, Ekklisiyar Kristi a Sudan, Lardin Binuwai. Akwai kuma ERCC a yankin Akwanga.

Tarihin nasu bai rasa tabo ba. Uwar cocin da ta aiko wa Tibi bishara ita ce ta ɗaure wa wariyar launin fata gindi a Afirka ta Kudu, har ƙungiyar cocin Rifom ta duniya ta dakatar da ita a taron Otawa na 1982. A Takum ma rikicin da ke da ƙamshin ƙabilanci ya tsaga cocin a 1973, yawancin Kuteb suka ware. Sannan akwai wata jayayya da ke nuna yadda suke kishin sunan nan. An buɗe kwalejin tauhidi ta haɗin gwiwa a Gindiri a 1959, daga baya ta koma Bukuru, inda Lutaran da 'yan cocin 'Yan'uwa da 'yan Rifom ke karatu aji ɗaya, shugabanta na farko ma, Harry Boer, ɗan Rifom ne. Tibi suka ce ba su gamsu ba, suna son makarantar da za ta koyar da takardun nan uku zalla ba gauraye. Aka yi ta kai ruwa rana har Amurka, daga bisani suka buɗe tasu a Mkar a 1971. CRCN kuwa ta ci gaba da tura ɗalibanta Bukuru.

A nan za mu dakata, lokaci ya yi halinsa. Masu kama hanyar Tsamiya gobe da asuba, Allah ya kai ku lafiya. 

(Kiɗan rufe shiri)