Inshorar Lafiya A Jihar Neja: Kuɗin Magani Ne Ma'aunin Riba Da Hasara

Minna: Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da gwamnatin tarayya ta sakar wa Naira mara a kasuwar canji, magani ya shiga sahun kayayyakin da farashinsu ya fi saurin hawa a ƙasar nan. Dalar Amurka da ake saye kimanin Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a watan Fabrairun 2024, kuma da yake kusan kashi 70 cikin 100 na magungunan da ake sha a Nijeriya daga waje ake shigo da su, galibi daga Indiya da Sin, sai tsadar ta biyo su har cikin kantunan Bosso da Tunga da Chanchaga. Ana cikin haka kamfanin GlaxoSmithKline, mai yin Augmentin da Ventolin, ya ba da sanarwar daina gudanar da harkokinsa kai tsaye a ƙasar nan a watan Agustan 2023, kamfanin Sanofi na Faransa kuma ya bi sahunsa a watan Nuwamban shekarar.

Wannan al'amari ya shafi ɗan kasuwa ta fuska biyu. A matsayinsa na magidanci, shi ke sayen maganin iyali. A matsayinsa na mai gida a wurin sana'a kuwa, shi yaransa ke tunkara idan ciwo ya kwantar da ɗayansu, kuma kuɗin da zai bayar a ranar daga cikin jari yake fitowa. Alkaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majiyyata yake fita a lokacin da ciwo ya riga ya zo, watau lokacin da mutum ba shi da ikon yin ciniki ko jinkiri.

Doka da tsarin biya

Shirin inshorar lafiya na ƙasa ya samo asali ne daga doka mai lamba 35 ta 1999, ko da yake bai fara aiki ba sai 2005, kuma shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya ne suka fi cin moriyarsa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta kafa hukumar NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane mazaunin ƙasar nan, har da masu kamfanonin da ke da ma'aikata biyar zuwa sama. A Jihar Neja, shirin taimakekeniyar lafiya da aka fi sani da NiCare, wanda aka kafa a zamanin Gwamna Abubakar Sani Bello, shi ne ke ɗaukar ma'aikatan jiha da masu sana'ar kansu da kuma marasa ƙarfi a ƙananan hukumomi 25 na jihar.

Tsarin da aka gina shirin tarayya a kansa shi ne mai kamfani ya biya kashi 10 cikin 100 na ainihin albashin ma'aikaci, shi kuma ma'aikacin ya biya kashi 5, domin a kula da shi da matarsa da 'ya'yansa huɗu waɗanda ba su kai shekara 18 ba. Ana biyan asibiti ta hanya biyu. Akwai ƙayyadadden kuɗi da ake ba asibitin da mutum ya zaɓa a kan kowane kai duk wata, ko ya je ko bai je ba, sannan akwai kuɗin aikin ƙwararru, kamar tiyata, wanda ake biya bisa ga abin da aka yi. Shi kuwa majiyyaci, abin da ke kansa shi ne kashi 10 cikin 100 na kuɗin maganin da aka ba shi.

Kuɗin kowane kai ya daɗe a kan Naira 750 a wata, yayin da farashin magani ke ta ninkawa, abin da ya sa asibitoci masu zaman kansu a duk faɗin ƙasar suka yi ta kukan cewa shirin ba ya fitar da su. Hukumar NHIA ta yi ƙari a 2024, sannan daga watan Afrilun 2025 ta kai ƙarin zuwa kashi 93 cikin 100, watau kimanin Naira 1,450, ta kuma ƙara kuɗin aikin ƙwararru da kashi 378 cikin 100.

Yadda lissafin yake

Misali zai bayyana inda gizo ke saƙar. A 2024 Gwamna Mohammed Umaru Bago ya amince da Naira 80,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi ga ma'aikatan jihar. Idan mai gidan burodi ko gidan mai a Minna ya ɗauki wannan adadi a matsayin albashin yaronsa, kuma ya bi tsarin tarayya, kashi 15 cikin 100 zai kama Naira 12,000 a wata: Naira 8,000 daga mai gida, Naira 4,000 daga ma'aikaci. Idan ma'aikacin yana da iyali cikakku, mutum shida ke nan, kuɗin kai kawai zai ci Naira 8,700. Abin da ya saura, Naira 3,300, shi ne za a tara da na sauran mutane a biya tiyata da haihuwa mai gardama da kuɗin gudanarwa.

A ɓangaren asibiti, Naira 1,450 a wata ta zama Naira 17,400 a shekara a kan kowane mutum. Idan aka rubuta wa mutum guda maganin kashe ƙwayoyin cuta mai tsada sau biyu ko uku a shekara ba tare da buƙata ba, kasonsa ya ƙare har ya shiga na maƙwabcinsa. Inshora dai ɗan'uwan adashi ne: masu lafiya ne ke riƙe marasa lafiya, kuma idan kowa ya ɗauka fiye da zubinsa, asusu ya mutu. Asibitin da ya ga yana hasara ba shi da mafita illa ya ce magani ya ƙare, ya tura majiyyaci waje. A nan ne mai inshora ke biya sau biyu, domin maganin Naira 10,000 da ya kamata ya biya Naira 1,000 a kansa, sai ya saye shi da cikakken kuɗinsa a kanti, bayan an riga an cire masa zubi daga albashi.

Ba yau aka fara fama da wannan matsala ba. Shirin Bamako na 1987 ya kawo tsarin asusun magani mai juyawa, inda ake sayar da magani a mayar da kuɗin a sayo wani, kuma hukumar PTF ta zuba magunguna a asibitocin gwamnati bisa wannan tsari a shekarun 1990. Darasin da aka koya shi ne duk inda aka taɓa uwar kuɗin, ko aka yi ta bayar da magani bashi, kanta kan bushe. Jihar Neja tana da hukumar kula da magunguna da kayan asibiti, wadda aikinta shi ne sayen magani a dunƙule domin asibitocin gwamnati, kuma sayen sari daga hannun masu sarrafawa shi ne hanya mafi sauƙi ta rage farashi da toshe ƙofar jabu.

Sunan magani da sunan kamfani

Babbar hanyar da majiyyaci zai rage kashe kuɗi ita ce sanin bambancin da ke tsakanin sunan magani na asali da sunan da kamfani ya laƙaba masa. Panadol farasitamol ne. Glucophage, da masu ciwon sukari ke sha, metfomin ne. Norvasc na hawan jini amlodifin ne. Da zarar wa'adin haƙƙin mallakar kamfanin da ya ƙirƙiro magani ya ƙare, wasu kamfanoni kan yi irinsa da sinadari ɗaya da ƙarfi ɗaya, su sayar da rahusa domin ba su kashe kuɗin bincike ba. Tun 1989 Nijeriya ke da dokar jerin muhimman magunguna, kuma jerin magungunan inshora da sunan asali aka rubuta shi. Wanda ya nace sai an ba shi mai sunan kamfani, shi zai ɗauki nauyinsa. Ya kamata majiyyaci ya roƙi likita ya rubuta sunan asali, ya kuma tambayi mai harhaɗa magunguna ko akwai irinsa mai rajista da ya fi sauƙi.

Sai dai araha ba ta zama riba sai maganin ya kasance na gaske. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya daga cikin kowane magani goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko kuma bai kai ingancin da ake buƙata ba. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba kowane magani lambar rajista, kuma tun 2010 wasu magunguna, musamman na zazzaɓin cizon sauro, suna ɗauke da lambar da ake kankarewa a aika ta wayar hannu domin tantancewa. Doka ba ta yarda ƙananan kemis su sayar da maganin da sai da takardar likita ba, balle masu talla a tasha da kasuwa, waɗanda kayansu ke wuni a rana.

Hanya ta biyu ita ce gwaji kafin magani. Tun 2010 ƙa'idar duniya ita ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, domin ba kowane zafin jiki ne sauro ya kawo shi ba. Haka kuma mura da tarin da take kawowa ba sa jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da rabin magungunan duniya ba bisa ƙa'ida ake rubuta su ko sayar da su ba, kuma rabin majiyyata ba sa shan su yadda aka umarta. Sakamakon haka ƙwayoyin cuta na bijire wa magani mai sauƙi, sai an koma ga mai tsada. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya danganta mutuwar mutum miliyan 1.27 a 2019 da wannan bijirewa.

Hanya ta uku ta shafi masu hawan jini da ciwon sukari. Mutane da yawa kan daina shan magani da zarar sun ji sauƙi, ko su raba ƙwaya biyu domin ta kai ƙarshen wata, ba tare da sanin likita ba. Ta fuskar lissafi wannan tsimi ne mai tsada, domin kuɗin ƙwayar shekara guda bai kama ƙafar kuɗin jinyar shanyewar ɓarin jiki ko wankin ƙoda ba, ga kuma kanti a rufe.

Abin da ya rage ga mai kamfani

Kafin ɗan kasuwa ya sa hannu da NiCare ko wani kamfanin inshora, ya kamata ya nemi jerin magunguna da ayyukan da shirin ya ƙunsa a rubuce, da waɗanda bai ƙunsa ba, ya kuma tambayi abin da za a yi idan asibiti ya ce magani ya ƙare. Ya dubi asibitin da ke kusa da gidajen ma'aikatansa, domin kuɗin mota daga Maitumbi ko Kpakungu zuwa wani gefen gari shi ma kuɗin jinya ne. Ya san yadda ake tura majiyyaci zuwa Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ya kuma san cewa daga watan Afrilun 2025 hukumar NHIA ta umarci kamfanonin inshora su ba da izinin irin wannan jinya cikin sa'a guda. Haka kuma ya umarci ma'aikatansa su riƙa adana takardar likita da rasiɗin duk maganin da suka saya a waje, domin da su ne ake kai ƙorafi, da su ne kuma ake yin ciniki idan lokacin sabunta yarjejeniya ya zo.

Masu sana'ar kansu, irin 'yan kasuwar Kure da direbobi da teloli, sun fi samun ƙarfi idan suka shiga ta hannun ƙungiyoyinsu, domin jama'a mai yawa da ta haɗa matasa da dattawa ta fi sauƙin ɗauka ga asusu, kuma muryarta ta fi kaiwa ga hukuma.

A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a umarnin janye harajin shigo da kayan haɗa magunguna na tsawon shekara biyu, domin ƙarfafa masana'antun cikin gida. Farashin canji da haraji dai a hannun gwamnati suke. Amma abin da aka rubuta a takardar likita, da inda aka sayi maganin, da yadda aka sha shi, suna hannun likita da majiyyaci da mai biyan zubi, kuma a nan ne za a gane ko Naira 12,000 ɗin da aka cire a wata ta sayi kariya ko kuwa ta bi ruwa.