Kwano Ɗaya a Ngong: Inda Amanar Kasuwa Ke Farawa

Duk wanda ya ci kasuwar Ngong, kudu da Garwa a kan hanyar Ngaundare, ya san masara da gyaɗa sun tara mutane iri-iri: Fulani, Tupuri, Mafa, ga mu Hausawa. A irin wannan wuri baƙo ba ya da jarin da ya wuce maƙwabci. Shi zai tsare maka buhuna, shi zai ba ka bashi ba takarda.

To, wannan amana a gida ake shuka ta. In Alhaji ya dawo daga Garwa da tsaraba, kada uwa ta ɓoye wa nata. A tara yaran gida duka, har da almajirin zaure. Babba ya raba, ƙarami ya fara ɗauka. Nan take rabo zai zo daidai. Da azumi, yaro ya kai kwanon ciyayya da ƙafarsa. Ranar layya, ya miƙa nama gidan maƙwabci, Musulmi ko Kirista.

Amma fa ban da ƙwace. Abin da aka fizge daga hannun yaro rowa yake koya masa. A tambaye shi, in ya bayar a sa masa albarka. Gobe shi zai gaji rumfar, kuma yaran nan da suka ci kwano ɗaya su ne abokan cinikinsa.