Gudu ko lodi: me ke kifar da jirage a tafkunanmu?

Keffi ba garin masu fito ba ne. Ruwan da mutumin Angwan Iya ya saba gani shi ne Kogin Antau. Amma duk ranar da rediyo ya kawo labarin kifewar jirgin ruwa, majalisun unguwar kan kaure da gardama, don kuwa Kogin Binuwai ya ratsa kudancin jihar Nasarawa ta Tunga da Loko da Umaisha, kuma tafkin Jabi na Abuja, inda matasa ke sheƙa gudu da ƙananan jirage masu inji, tafiya ce ta kusa.

Direbobin hanyar Abuja sun fi kowa yarda cewa gudu ne tushen matsalar. Hujjarsu daga kwalta suka ɗauko ta: tun watan Fabrairun 2017 hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fara tilasta wa motocin haya sanya na'urar ƙayyade gudu. In an yi wa mota linzami, in ji su, me zai hana a yi wa jirgi? Ba su rasa gaskiya ba. Jirgin katako da ya daki kututture a guje tsagewa yake yi, kuma igiyar ruwan da mai inji ke tayarwa ta isa ta juye ƙaramin kwale-kwalen masunci.

Akwai ma inda aka gwada. A Windermere, tafki mafi girma a Ingila, an ƙayyade gudu zuwa mil 10 a awa daga Maris na 2005, bayan shekaru ana kai ruwa rana da masu wasan tsere da 'yan kasuwar da ke ci daga gare su. Sai dai can kowane jirgi mai inji yana da rajista, ga jami'ai suna sintiri, kuma yawancin masu shiga ruwan shaƙatawa ta kai su.

Waɗanda suka taɓa shiga fito ranar kasuwa kuwa, sai su ce a duba manyan asarorin da aka yi. A Mayun 2021, jirgin da ya nufi Wara ta jihar Kebbi, a yankin tafkin Kainji, ya rabe biyu ɗauke da mutum fiye da 150 da kaya. Ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekarar, wani jirgin ya nutse a madatsar Watari ta Bagwai, jihar Kano, mutum 29 aƙalla suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023, 'yan biki fiye da 100 suka halaka a Kogin Neja kusa da Patigi, cikin dare. A dukansu, abin da ya fi fitowa a bayanan hukuma shi ne lodi ya wuce kima, ga ƙarancin rigar ruwa. Tafkin Kainji kuma yana da nasa tarkon: itatuwan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar a 1968, kututturansu na nan a ɓoye.

Sai batun aunawa. Kwale-kwalen katako mai injin Yamaha a baya ba shi da agogon gudu, ba kuma shingen bincike a tsakiyar tafki. Wa zai ce wa matuƙi ya wuce iyaka, kuma da wane ma'auni? Lodi kuwa a bakin gaɓa ake ƙirga shi, a gaban Sarkin Ruwa da shugabannin ƙungiyar masu fito. Shi ya sa hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta fi nanata hana tafiyar dare, da sanya rigar ruwa, da rubuta sunayen fasinjoji. Ko shi gudun, sau da yawa neman kuɗi ke haifar da shi: matuƙi na son ƙarin sawu ɗaya kafin magariba, ga fetur ya yi tsada.

A Loko, gadar da ta haɗa garin da Oweto ta jihar Binuwai ta rage wa jama'a dogaro da fito. Ƙauyukan da ke nesa da ita kuwa, har yau a jirgi guda ake ɗora doya da babura da mata masu goyo ranar kasuwa.